Cha Bum-kun: gwarzon Bundesliga da aka kora daga aikin koci a tsakiyar gasar kofin duniya

Masu sharhin ƙwallon ƙafa suna da wata magana da ta zauna musu a baki, cewa babban ɗan wasa ba ya zama babban mai horarwa, kuma duk lokacin da aka zo kawo misali daga nahiyar Asiya, sunan Cha Bum-kun na Koriya ta Kudu ne yake fara zuwa. Hujjar da ake kafawa da ita guda ɗaya ce: a watan Yunin 1998, a gasar kofin duniya ta Faransa, ƙasar Holan ta lallasa tawagar da yake jagoranta da ci biyar da nema, hukumar ƙwallon ƙasarsa kuma ta sallame shi tun kafin a buga wasa na uku na rukuni. Wannan ya faru, babu mai musu. Sai dai wanda ya bi tarihin mutumin daga farko zai ga cewa hukuncin da aka yanke masa ya fi bayyana halin da ƙwallon Koriya take ciki a lokacin fiye da yadda ya bayyana iyawarsa.

An haifi Cha a ranar 22 ga Mayun 1953 a yankin Hwaseong na lardin Gyeonggi, watanni biyu kafin a tsagaita wutar yaƙin Koriya. Ƙasar da ya taso a cikinta ba ta da gasar ƙwararru, domin sai a 1983 aka kafa gasar da yanzu ake kira K League. Kafin nan manyan ƙungiyoyi na jami'o'i ne da bankuna da kamfanoni da rundunonin soja, ɗan wasa kuma a takarda ɗalibi ne ko ma'aikaci ko soja. Ta wannan hanya Cha ya bi: ya buga wa Jami'ar Koriya, ya ɗan taɓa buga wa ƙungiyar wani banki, sannan ya shiga rundunar sojan sama domin yin aikin sojan dole da ke kan kowane namiji a ƙasar. Tun a 1972, yana ɗan shekara 18 zuwa 19, ya fara buga wa tawagar ƙasa. Wasan da ya fito da sunansa a gida shi ne wanda aka yi da Malesiya a 1976, inda Koriya take baya da ci huɗu da ɗaya wasa ya kusa tashi, ya zura ƙwallaye uku cikin 'yan mintoci aka tashi huɗu da huɗu.

Tafiyarsa Turai ta fara ne da tuntuɓe. A Disambar 1978 ya sa hannu da ƙungiyar Darmstadt ta Jamus ta Yamma, ya buga mata wasa ɗaya tak, sai hukumomin soja suka ce wa'adinsa bai cika ba, dole ya koma gida ya ƙarasa. Bai samu dawowa ba sai tsakiyar 1979, a wannan karon zuwa Eintracht Frankfurt, yana da shekara 26. Ya kamata a riƙe wannan adadi, domin a yau matashi ɗan Asiya ko Afirka yakan isa Turai yana ɗan shekara 18 ko 19, ya koyi harshe da tsarin wasa a hankali. Shi Cha ya isa ne a shekarun da ake sa ran ɗan wasan gaba ya riga ya kai ƙololuwa, bai taɓa buga gasar ƙwararru ba, kuma a lokacin ƙa'ida ba ta yarda ƙungiyar Jamus ta sa baƙi fiye da biyu a wasa ɗaya ba, saboda haka baƙon da bai nuna amfaninsa da wuri ba, ba a yi masa dogon haƙuri.

Bundesliga, wato babbar gasar Jamus, ta wancan zamani kuwa ba ƙaramar gasa ba ce. A kakar 1979 zuwa 1980 duk ƙungiyoyi huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA na Jamus ne: Frankfurt da Bayern Munich da Stuttgart da Borussia Mönchengladbach. Frankfurt ce ta ɗauki kofin, bayan ta sha kashi uku da biyu a gidan Mönchengladbach ta kuma ci ɗaya da nema a gidanta, ƙa'idar fifita ƙwallayen da aka ci a gidan abokin hamayya ta ba ta nasara. Cha yana cikin jiga-jigan wannan tafiya tun zagayen farko, inda ya zura ƙwallo a ragar Aberdeen ta Alex Ferguson a Sikotilan. Shekara ɗaya bayan haka ya ci ƙwallo ta uku a wasan ƙarshe na kofin ƙalubalen Jamus, Frankfurt ta doke Kaiserslautern uku da ɗaya. Jamusawa suka riƙa kiransa Tscha Bum, 'yan Koriya da suka je ƙasar aikin haƙar kwal da aikin jinya tun shekarun 1960 kuma suka samu wanda za su nuna su ce nasu ne.

Abin da ya bambanta shi a fili shi ne gudu da ƙarfin cinya da iya tsalle, yana bugu da ƙafafu biyu, yana kuma iya fitowa daga gefe ya kutsa tsakiya. Amma lissafin da ya fi bayyana halinsa shi ne wannan: wasa 308 a Bundesliga, ƙwallaye 98, babu ko ɗaya ta fenariti, kuma katin gargaɗi ɗaya kacal aka taɓa ɗaga masa cikin shekaru goma. Wannan a zamanin da 'yan baya suke shigar ƙeta ta baya alƙalin wasa yana kallo. A farkon kakarsa ta biyu, a 1980, Jürgen Gelsdorf na Bayer Leverkusen ya yi masa irin wannan shiga har ya ji rauni a ƙashin baya, magoya bayan Frankfurt suka harzuƙa har da yi wa Gelsdorf barazana, amma Cha ya ƙi shigar da ƙara, ya ce ya yafe. Shekaru uku bayan haka, da matsin kuɗi ya tilasta wa Frankfurt sayar da shi, Leverkusen ɗin ce ta saye shi, ya tarar da Gelsdorf a ɗakin sauya kaya suka zama abokan wasa.

A Leverkusen ya yi kakarsa mafi yawan ƙwallaye, 17 a 1985 zuwa 1986, wadda ta kai ƙungiyar gasar Turai karo na farko. Daren da ya fi kowane dare a tarihinsa kuwa shi ne na 18 ga Mayun 1988. Espanyol ta Sifaniya, wadda Thomas N'Kono na Kamaru yake tsare mata raga, ta riga ta ci Leverkusen uku da nema a wasan farko na ƙarshen kofin UEFA a Barcelona, aka kuma tafi hutun rabin lokaci a wasa na biyu babu ci. Bayan an dawo Tita ya ci, Falko Götz ya ƙara, sannan a minti na 81 Cha, wanda saura kwanaki huɗu ya cika shekara 35, ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai ta wuce N'Kono. Leverkusen ta yi nasara a bugun fenariti uku da biyu, wannan ne kuma babban kofi na farko da ta taɓa ɗauka. Da ya rataye takalmansa a 1989, babu baƙon da ya kai shi yawan ƙwallaye a tarihin Bundesliga, kuma tarihin ya tsaya har 1999 kafin Stéphane Chapuisat na Suwizalan ya wuce shi. Domin a gane nauyin adadin, Anthony Yeboah na Ghana, wanda ya zo Frankfurt bayansa ya kuma zama sarkin zura ƙwallo na gasar har sau biyu, a 96 ya tsaya.

A tawagar ƙasa, hukumar ƙwallon Koriya tana lissafa masa wasa 136 da ƙwallaye 58, kusan dukkansu kafin ya tafi Jamus, domin daga ƙarshen 1978 bai sake sa rigar ƙasar ba sai da aka kira shi gasar kofin duniya ta 1986 a Meziko. A can bai ci ƙwallo ba. Ajantina da Bulgeriya da Italiya duk sunansa kaɗai suka sani a tawagar, suka tsare shi da mutum biyu, Koriya ta dawo da maki ɗaya.

Daga nan ne labarin ya fara sarƙewa. Cha ya koma gida da shaidar horarwa ta Jamus da kuma tabbacin cewa abin da ya gina shi a can, wato tsare lokaci da kula da abinci da barci da motsa jiki bisa tsari, shi ne abin da ƙwallon Koriya ta rasa. Ya karɓi ƙungiyar Hyundai ta birnin Ulsan daga 1991 zuwa 1994, ya kai ta matsayi na biyu a shekarar farko, amma bai ɗauki kofin gasar ba har ya tafi. A nan aka fara ganin raunin da ya bi shi har ƙarshe. Mutumin da bai taɓa buƙatar a tsaya masa a ka kafin ya yi atisaye ba, yana da wuya ya fahimci ɗan wasan da yake buƙatar lallashi, kuma salon da ya fi yarda da shi, na gudu ta gefe da dogon bugu zuwa ga ɗan gaba mai ƙarfi, salo ne da yake tafiya daidai idan akwai irin Cha a gaba, abin da kociya Cha bai taɓa samu ba. Shekaru biyu bayan tafiyarsa Ulsan ta lashe gasar a hannun magajinsa, masu suka kuma ba su manta da wannan ba.

Aikin tawagar ƙasa ya zo masa ne a Janairun 1997, bayan Iran ta ci Koriya shida da biyu a gasar kofin Asiya ta Disambar 1996, Ali Daei shi kaɗai ya zura huɗu, aka sallami kociya Park Jong-hwan. Cha ya karɓi tawagar da ta karaya, ya shigo da sababbin fuskoki, ya kuma zama abin magana saboda ƙaramar kwamfutar da yake tara bayanan 'yan wasa a ciki, abin da ba a saba gani a wurin kociyoyin ƙasar ba. A zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar kofin duniya ta 1998 ya ci wasa shida, ya yi kunnen doki ɗaya, ya faɗi ɗaya, ya kammala a saman rukunin da Japan take ciki. Wasan 28 ga Satumbar 1997 a Tokyo shi ne kololuwar abin: Japan tana gaba da ci ɗaya har saura mintoci kaɗan, Seo Jung-won da Cha ya sako daga benci ya farke, Lee Min-sung ya ɗirko ta biyu daga nesa. Wanda ya san tarihin mulkin mallakar da Japan ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945 zai gane abin da wannan nasara take nufi a Seoul. Watanni biyu bayan haka tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, gwamnati ta nemi ceto daga Asusun Lamuni na Duniya, kamfanoni suka riƙa rufewa, mutane suna rasa aiki. Tawagar Cha ta zama ɗaya daga cikin abubuwa ƙalilan da jama'a suke samun sanyi a kansu, burin da aka ɗora mata kuma ya zarce ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ana maganar kai wa zagaye na biyu, alhali a gasanni huɗun da Koriya ta halarta kafin nan, 1954 da 1986 da 1990 da 1994, ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya ba.

Abubuwa uku suka haɗu suka rusa tafiyar Faransa, kuma biyu daga ciki ba su hannun mai horarwa. Na farko, ana gab da tashi, a wasan sada zumunta da ƙasar Sin, babban ɗan wasan gabansa Hwang Sun-hong ya ji rauni a gwiwa, ya bi tawagar amma bai taka leda ko na minti ɗaya ba. Na biyu, a wasan farko da Meziko a birnin Lyon, Ha Seok-ju ya ci ƙwallo da bugun tazara, karo na farko ke nan da Koriya ta taɓa shiga gaba a gasar kofin duniya, amma mintoci biyu zuwa uku bayan haka ya shiga wa ɗan Meziko ta baya, a gasar da FIFA ta umarci alƙalai su ba da jan kati kai tsaye kan irin wannan shiga. Koriya ta buga sa'a guda da mutum goma, aka ci ta uku da ɗaya. Na ukun shi ne wanda za a iya ɗora wa Cha: zaɓin 'yan wasansa a wasan Meziko, musamman barin Choi Yong-soo a benci bayan shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a wasannin neman gurbi, ya jawo masa suka mai tushe, kuma a wasan Holan tsarin tsaron mutum da mutum da tawagar ta dogara da shi ya wargaje gaba ɗaya.

Amma a duba wace Holan ake magana. Tawaga ce mai Dennis Bergkamp da Marc Overmars da Edgar Davids da tagwayen De Boer, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe sai a bugun fenariti Brazil ta fitar da ita. A filin Vélodrome na Marseille, ranar 20 ga Yuni, Phillip Cocu da Overmars suka ci kafin hutu, Bergkamp da Pierre van Hooijdonk da Ronald de Boer suka ƙara bayan an dawo, kuma ba domin gola Kim Byung-ji ba da abin ya fi haka muni. Kusan duk 'yan wasan Koriya a gida ko a Japan suke wasa, yawancinsu ba su taɓa karawa da irin wannan gudu da musayar ƙwallo ba. Washegari jami'an hukumar da ke tare da tawagar suka zauna suka tsige Cha, mataimakinsa Kim Pyung-seok ya ja ragamar wasan ƙarshe da aka tashi ɗaya da ɗaya da Beljiyam. Ba shi kaɗai abin ya shafa a wannan gasa ba, domin Saudiyya ta kori Carlos Alberto Parreira, Tunisiya ta kori Henryk Kasperczak, su ma bayan wasa biyu. Bambancin shi ne waɗancan baƙi ne da suka kwashe kayansu suka wuce, shi kuwa Cha gida ya koma, a matsayin gwarzon ƙasa da aka tozarta a idon duniya.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa hukuncin gaggawa aka yi masa ta fito ne daga hukumar da kanta. Kociyan da ya zauna a bencin Holan a wannan dare, Guus Hiddink, shi aka ɗauko ya karɓi Koriya a farkon 2001. A cikin shekararsa ta farko Faransa ta ci shi biyar da nema, Jamhuriyar Cek ma ta ci shi biyar da nema, har 'yan jarida suka mayar da wannan sakamako laƙabinsa. Ba a kore shi ba. An bar shi ya zaɓi wanda yake so ba tare da la'akari da shekaru ko jami'ar da ɗan wasa ya fito ba, an ba shi kuɗin yawon atisaye da karawa da manyan ƙasashe, an kuma jinkirta gasar cikin gida domin ya riƙe 'yan wasa a sansani watanni kafin gasar 2002. Wato hukumar ta gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya, sai dai ta gane hakan ne bayan ta riga ta sadaukar da Cha. Wanda ya ci ƙwallon farko a nasarar farko da Koriya ta taɓa samu a gasar, biyu da nema a kan Polan, shi ne Hwang Sun-hong, mutumin da rauni ya hana Cha amfani da shi. Cha kuwa yana ɗakin sharhi na talabijin a lokacin, ɗansa Cha Du-ri, wanda aka haifa a Frankfurt a 1980, yana cikin tawagar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Shi ma Cha bai sauƙaƙa wa kansa ba bayan korar. A wata hira da mujalla a 1998 ya yi zargin cewa ana haɗa baki a sayar da wasanni a gasar cikin gida, hukumar ta dakatar da shi shekaru biyar daga aikin horarwa a ƙasar, ya tafi Sin ya riƙe ƙungiyar Shenzhen na kusan shekara ɗaya da rabi ba tare da wani abin a zo a gani ba. An janye dakatarwar kafin wa'adinta ya cika. A 2011 babbar badaƙalar sayar da wasanni ta fashe a K League, aka haramta wa 'yan wasa da dama ƙwallo har abada, kodayake wannan lamari ne na 'yan caca da ya faru shekaru goma sha uku bayan maganarsa, bai kamata a ɗauke shi a matsayin tabbacin abin da ya faɗa ba. Ha Seok-ju kuma ya shafe shekaru ashirin yana kauce wa haɗuwa da shi saboda nauyin wancan jan kati, sai a 2018 aka haɗa su a wani shirin talabijin, Ha ya fashe da kuka, Cha ya rungume shi.

Ɓangaren da masu cewa ya gaza suke tsallakewa shi ne shekaru shida da rabi da ya yi a Suwon Samsung Bluewings daga 2004. A kakarsa ta farko ya lashe gasar, bayan wasanni biyu na ƙarshe da Pohang Steelers sun tashi babu ci, gola Lee Woon-jae ya tare bugun fenaritin takwaransa Kim Byung-ji. A 2008 ya haɗa kofin gasar da kofin ƙungiyoyin gasar, inda ya doke babbar abokiyar hamayya FC Seoul ta Şenol Güneş a wasan ƙarshe na gasar, a 2009 kuma ya ɗauki kofin ƙalubale. Sau biyu aka zaɓe shi gwarzon kociyan shekara. Gaskiya ne cewa Suwon ta wancan lokaci tana cikin ƙungiyoyin da suka fi kuɗi a ƙasar, gaskiya ne kuma cewa wasu magoya bayanta sun yi ta ƙorafin cewa ƙwallonsa ta dogon bugu ba ta da daɗin kallo idan aka kwatanta da ta magabacinsa Kim Ho, sannan bai ɗauko kofin zakarun Asiya ba, ya kuma ajiye aiki a tsakiyar 2010 ƙungiyar tana can ƙasan teburi. A ganina wannan shi ne ma'aunin gaskiya na Cha mai horarwa: ba mai ƙirƙirar sabon salo ba ne, bai kai matsayin da ya kai a matsayin ɗan wasa ba, amma kociya ne da yake iya ɗaukar kofi idan aka ba shi lokaci da kayan aiki. Tun bayan kofinsa na 2008 Suwon ba ta sake lashe gasar ba, a 2023 ma ta faɗa rukuni na biyu.

Akwai kuma aikin da ba ya shiga lissafin kofuna. Tun kafin ya gama wasa a Jamus ya fara shirin koyar da yara a gida bisa tsarin ƙungiyoyin unguwa da ya gani a can, inda yaro yake koyon ƙwallo ba tare da an cire shi daga aji ba, saɓanin tsarin makarantun Koriya na lokacin da ke ware 'yan wasa a sansani tun suna ƙanana. A 1988 ya kafa kyautar shekara-shekara ga fitattun 'yan firamare, wadda Lee Dong-gook da Park Ji-sung da Ki Sung-yueng da Hwang Hee-chan duk suka karɓa suna yara. Hanyar Jamus da ya buɗe ita Son Heung-min ya bi, ta Hamburg sannan Leverkusen, kafin ya koma Tottenham, inda a Nuwambar 2019 ya wuce ƙwallaye 121 da Cha ya ci wa ƙungiyoyin Turai a duk gasanni. A wannan shekarar ce gwamnatin Jamus ta ba Cha lambar girmamawa ta tarayya saboda rawar da ya taka wajen kusanto da ƙasashen biyu.